Tikiti a Hannu, Guguwa a Teku: Ina Tawakkali Yake?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mai jujjuya iskoki yadda ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata mas'ala da kan taso wa ƴan'uwa mazauna Amurka tsakanin watan Agusta da Oktoba, musamman na Niyok da Girinsboro inda ƴan Nijar suke da yawa. Mutum ya shekara yana aiki, direban taksi ne ko ma'aikacin masana'anta, ya tara ɗan abin da ya tara, ya sayi tikitin jirgi shi da iyalinsa don su je hutun kwana biyar a Fulorida ko wani tsibiri na Karibiyan. Ya biya otel, ya nemi hutu wurin aiki an ba shi, yara sun fara ƙidayar kwanaki. Ana saura mako guda sai labari ya fito cewa wata mahaukaciyar guguwa ta taso a teku, kuma mai yiwuwa ta nufo inda za su. To, ya ɗage tafiyar ya yi asarar wani abu daga kuɗinsa, ko kuwa ya ce Allah na nan ya hau jirgi? In aka kawo zancen a majalisa bayan wazifa, ba a rasa mai cewa mai tawakkali ba ya fasa tafiya don iska, ba a kuma rasa mai cewa rigakafi ya fi magani. A fuska ƙaramar magana ce, amma ita ce tsohuwar mas'alar nan da malaman tasawwufi suka daɗe suna warwarewa, watau iyakar da ke tsakanin riƙon sababi da dogaro ga Mai sababi. Wanda bai taɓa taka filin jirgi ba ma yana haɗuwa da ita duk ranar da ya tsaya bakin kori da damina, ruwa na gudu, yana tunanin ya tsallaka ko ya jira.

Kafin a yi hukunci a kan abu sai an san shi. Irin wannan guguwa ba ita ce ƙaramar guguwar rani mai ɗaukar ƙura da ledoji ba. Tarin hadari ne mai faɗin ɗaruruwan kilomita, yana juyawa a kan teku kewaye da wani ido da ke tsakiya. Ba a kiran ta mahaukaciya sai gudun iskarta ya kai kilomita 119 a awa, kuma an kasa ta mataki biyar, na biyar yana farawa daga kilomita 252. Lokacinta a tekun Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsanani wajen farkon Satumba. Abin da ya fi kashe mutane a cikinta ruwa ne, ko dai teku da iska ke turowa cikin gari, ko ambaliyar ruwan sama.

Abin mamaki ga mutumin Maraɗi ko Damagaram shi ne, da yawa daga cikin manyan guguwowin nan a sararin samaniyar Sahel suke fara rayuwa. Zafin hamada daga arewa da sanyin gaɓar teku daga kudu suna haifar da wani kaɗawar iska da ke tasowa daga gabas duk bayan kwana uku zuwa biyar da damina. Shi ne ke tara hadarin nan da manomi ke hangowa gabas da la'asar yana murna. Hadarin ya zubar da ruwansa a kan gero da dawa, ya wuce Tawa, ya wuce Yamai, ya ratsa Mali da Sanagal ya faɗa teku. Mafi yawansu a nan suke mutuwa. Amma in ɗaya ya tarar da ruwan teku da ɗumi, kimanin digiri 26 ko fiye, kuma iskar sama ba ta yayyaga shi ba, sai ya fara juyawa yana ƙara ƙarfi. Abin da ya zamo rahama a gonar wani, bayan kwana goma sha ya zamo abin da ke kwashe rufin gidan wani a ƙetaren teku. Halitta guda ce, Mai sarrafa ta guda ne, kuma wannan kaɗai ya ishi mai tunani wuridin dare.

Misalin da ya fi fito da mas'alar fili shi ne guguwar da aka sa wa suna Irma a 2017. Kaɗawar da ta haife ta ta bar gaɓar Afirka ta Yamma ran 27 ga Agusta. Ran 30 ga wata, jajibirin tsayuwar Arfa ta 1438, ta zama guguwa mai suna a kusa da tsibiran Kap-Ber, yamma da Dakar. A lokacin tana nesa da Amurka da dubban kilomita, kuma babu mai iya cewa ga inda za ta sauka. Ran 5 ga Satumba ta kai mataki na biyar, iskarta ta kai kimanin kilomita 285 a awa. Kashegari ta afka wa tsibirin Barbuda, har aka kwashe kusan dukan mutanensa zuwa Antigwa, ta kuma ragargaza tsibirin San Martan da filin jirginsa, baƙi masu hutu suka maƙale kwanaki babu hanyar fita, ga ƙarancin ruwan sha da wuta. Ran 10 ga wata ta sauka Fulorida, bayan an umarci mutum sama da miliyan shida su bar gidajensu. An rufe filayen jiragen Mayami da Orlando. Akwai kuma wani abu da ya kamata a riƙe: da farko hasashe ya fi karkata ga Mayami da gaɓar gabas, daga baya guguwar ta bi ta yamma, har wasu da suka gudu daga Mayami zuwa garuruwan yamma suka tarar ita ce ke biye da su.

Saboda haka mai tikitin zuwa Mayami ran 9 ga Satumba, halinsa ran 30 ga Agusta daban yake da halinsa ran 4 ga Satumba, daban kuma da na ran 7. Tikitin bai canja ba, imaninsa bai canja ba, amma abin da Allah ya sanar da shi ya canja, kuma hukunci yana bin sani. A nan ne maganar Imamu Gazali, Allah ya yi masa rahama, take da amfani ƙwarai. A babin tauhidi da tawakkali na littafinsa Ihya'u Ulumid Din ya kasa sabubba kashi uku: wanda aka tabbatar da shi, da wanda ake kyautata zato a kansa, da wanda wahami ne kawai. Ya bayyana cewa barin sababin da aka tabbatar ba ya cikin tawakkali ko kaɗan, ya kawo misalin mai kwana a dajin zakuna, ko a magudanar ruwa cikin kwari, ko ƙarƙashin bangon da ya karkata, ya ce duk wannan an hana, mai yin sa ya jefa kansa ga halaka ba da wata fa'ida ba. Kashi na uku kuwa, bin diddigin sabubban wahami, shi ne wanda ke ɓata tawakkali. Na tsakiya yana da faɗi, kuma a cikinsa ne mafi yawan rayuwar ɗan Adam take gudana.

In aka ɗora wannan ma'auni a kan guguwa sai a ga ya zauna daram. Cibiyar da ke lura da guguwowin Atlantika, wadda ke Mayami, tana fitar da taswira mai zane kamar mazurari, siriri a inda guguwar take yanzu, yana faɗaɗa har zuwa kwana biyar gaba. Faɗinsa an ɗauko shi ne daga kurakuran hasashen shekaru biyar da suka wuce, ta yadda idon guguwar zai kasance a cikinsa kimanin sau biyu cikin uku. Ke nan su kansu masu zanen sun rubuta iyakar saninsu a jikin zanen, sau ɗaya cikin uku idon yana fita waje. Kuma zanen hanyar idon kawai yake nunawa, ba faɗin iska da ruwa ba, don haka wanda ke gefen layi bai tsira ba don yana gefe. In saura awa 48 iska mai ƙarfi ta iso wuri sai su fitar da sanarwar a zauna cikin shiri, in saura awa 36 sai su fitar da gargaɗi. Guguwar da ke bayan Kap-Ber, saura kwana goma, barazanarta ga wani gari guda tana kusa da wahami. In garin ya shiga cikin mazurarin kwana biyar, an shiga zato. In aka fitar da gargaɗi, hukuma ta ce a fita, to bango ya karkata, mai kwana ƙarƙashinsa ba shi da uzuri.

Wani zai ce ai saukar ruwa yana cikin mabuɗan gaibu biyar da aka ambata a ƙarshen Suratu Luƙman, yaya muridi zai gina shawararsa a kan maganar masu hasashen yanayi? Wannan shubuha ce da ke bukatar a tsaya a kanta, domin tana fitowa ne daga kishin tauhidi. Amsarta ita ce, abin da aka hana shi ne da'awar sanin gaibu ta hanyar taurari da bugun ƙasa da duba, da jingina saukar ruwa ga tauraro kaza. Mai hasashen yanayi kuwa abin da ya riga ya wanzu yake kallo: hoton hadari daga tauraron ɗan Adam, ɗumin ruwa, nauyin iska, har jirage ake turawa su ratsa cikin guguwar su auno ta. Daga nan sai ya ƙiyasta a kan al'adar da Allah ya gudanar a halittarsa. Bambancinsa da tsohon da ke duban gabas ya ce a shigar da shanya, bambancin kayan aiki ne kawai. Aikin da ake yi a cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 don a gaya wa manoma yadda damina za ta kasance, irinsa ne, kuma babu malamin kirki da ya kira shi bokanci. Mumini yana karɓar labarin a matsayin zato mai ƙarfi ko mai rauni, zuciyarsa na sane cewa al'ada ba ta ɗaure hannun Mai al'ada.

Babu ƙissar da ta fi dacewa da mai tikiti kamar ta Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, a kan hanyarsa ta zuwa Sham. Ya isa wani wuri da ake kira Sarg sai shugabannin runduna, cikinsu har da Abu Ubaida ɗan Jarrah, suka tare shi da labarin annoba ta ɓarke a ƙasar. Abin lura a nan shi ne yadda ya yi. Bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya kira Muhajirai na farko ya yi shawara da su, suka saɓa: wasu suka ce ya fito don wani al'amari, bai kamata ya koma ba, wasu suka ce yana tare da sauran sahabban Manzon Allah, bai kamata ya kai su ga annoba ba. Ya kira mutanen Madina, su ma suka rabu biyu. Sai ya kira dattawan Ƙuraishawa, suka haɗu a kan ya koma. Da ya sanar da komawa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya amsa masa cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kora su. Daga baya Abdurrahman ɗan Aufu ya iso da hadisin da ya ji daga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, mai hana shiga ƙasar da annoba take, da hana fita daga cikinta don gudu. Umar ya gode wa Allah ya juya.

Abu uku suke fitowa daga wannan, kuma na tsakiyar ne aka fi mantawa. Na farko, ɗage tafiya ba fita ce daga ƙaddara ba, domin babu wata ƙofa da ake fita daga ƙaddara ta cikinta. Na biyu, manyan sahabbai sun saɓa a kan mas'alar, kuma wanda ya yi tambayar shi ne Amintaccen wannan al'umma, wanda ya zauna tare da rundunarsa har ya rasu a annobar Amwas. Don haka wanda zuciyarsa ta karkata ga ci gaba da tafiya ba a yi masa kallon jahili, sai dai a tambaye shi, kamar yadda ya kamata ya tambayi kansa, ko dalilinsa irin na Abu Ubaida ne. Na uku, hana fita daga ƙasar annoba hukunci ne da ya shafi annoba, saboda yaɗa cuta da barin marasa lafiya babu mai jinya. Ba a ɗauko shi a ɗora wa guguwa, a ce wanda hukuma ta ce ya bar bakin teku ya zauna. Guguwa ba ta bin mutum a jikinsa zuwa wani gari.

Malaman mazhabar Malikiyya ma sun taɓo abin ta wata fuska. A Mukhtasar na Shehu Khalil, a babin hajji, an nuna cewa tafiya ta teku daidai take da ta tudu wajen wajabta hajji, sai fa in halaka ta fi rinjaye a cikinta. A dubi nauyin wannan. Hajji rukuni ne na Musulunci, amma in hanya ta zamo mafi rinjayen zato a kanta halaka ne, wajibcin bin ta ya faɗi. To ina ga hutun kwana biyar a bakin ruwa? Hutu halal ne, faranta wa iyali abin lada ne in niyya ta yi kyau, amma ba shi da nauyin da zai sa a ɗauki kasadar da aka ɗauke wa alhaji. Gwargwadon nauyin abin da aka fita nema, gwargwadon kasadar da shari'a ke yarda a ɗauka dominsa. Likitan da aka kira ya je ya taimaki mutanen tsibirin, ko ɗan da mahaifiyarsa ke can ita kaɗai, hukuncinsu daban ne da na mai zuwa shan iska.

Sai dai gaskiyar magana, abin da ke hana mafi yawan mutane ɗage tafiya ba mas'alar ƙaddara ba ce. Kuɗi ne. Tikiti mai rahusa galibi ba a mayar da kuɗinsa in mai shi ne ya fasa. In kamfanin jirgi ne ya soke tashi, dokar Amurka ta ba fasinja haƙƙin a mayar masa da kuɗinsa. Kamfanoni kan ba da damar canja rana kyauta in guguwa ta matso, amma sai ta matso ɗin. Inshorar tafiya kuwa, galibi ba ta ɗaukar guguwar da aka riga aka sa wa suna kafin a saye ta. Sai mutum ya samu kansa yana lissafi: in ya fasa yau ya yi asara, in ya jira mai yiwuwa a mayar masa. Wannan lissafi babu laifi a cikinsa, domin kiyaye dukiya yana cikin abubuwan da shari'a ta zo ta tsare, kuma jiran kwana biyu a gida don a ga ko kamfani zai buɗe ƙofar canji hankali ne. Laifin yana farawa ne lokacin da rai ya ji zafin asarar dala dubu, ya ji kunyar faɗin haka, sai ya ɗauko rigar tawakkali ya yafa. Mutum ya ce shi ya dogara ga Allah, alhali in da tikitin kyauta ake canja shi da tun jiya ya canja.

Wannan ita ce jarrabawar da muridi zai yi wa kansa, kuma ba ta bukatar malami: ya ƙaddara cewa an ce masa za a mayar masa da kowane sisi in ya fasa. In ya ji zuciyarsa ta yi sanyi ta ce a fasa, to abin da yake kira tawakkali son kuɗinsa ne. Shehu Ibnu Aɗa'illah ya yi nuni a cikin Hikam cewa mutumin da Allah ya tsayar a cikin sabubba, in ya nemi ya tuɓe su, wata ɓoyayyar sha'awa ce ke jan sa. Rai ba ya zuwa wa mai zikiri da fuskar saɓo, ya san ba za a buɗe masa ba. Da kalmomin arifai yake sallama. Kuma abin dariya ne, in ba don abin tausayi ba ne, mutumin da ke kulle motarsa sau biyu, yana da inshorar gida da ta lafiya, ya kasa samun inda zai gwada tajridinsa sai a kan rayukan ƴaƴansa.

Domin lalle ba ransa kaɗai ke cikin jirgin ba. An ruwaito labaran waliyyai da suka ratsa sahara babu guzuri, irin su Ibrahimul Khawwas, amma su kaɗai suke tafiya, sun kuma horar da rayukansu shekaru a kan yunwa, kuma shi Khawwas ɗin an ce ba ya rabuwa da allura da zare da igiya da guga. Malaman ɗariƙa sun yi bayani cewa mai iyali ba shi da ikon ɗora wa iyalinsa halin da shi ya zaɓa wa kansa. Yaro ɗan shekara shida bai yi tawakkali ba, an ɗauke shi ne kawai. Bayan iyali kuma akwai mutanen garin da za a je. Baƙon da ya sauka tsibiri ana saura kwana biyu guguwa, ya ƙara baki guda a kan ruwan shan da zai yi ƙaranci, ya ƙara mutum guda a layin jirgin kwashe jama'a, wataƙila kujerar da zai zauna ta wata tsohuwa ce ƴar garin. Ma'aikacin otel da ya kamata ya je ya ƙarfafa tagogin gidansa ya tsaya yana yi masa hidima. In abin ya ɓaci, masu ceto za su shiga ruwa dominsa. Duk waɗannan haƙƙoƙi ne, kuma ba a biyan haƙƙin bayi da kyakkyawan zato ga Allah.

Ɗaya gefen ma yana da cutarsa, ko da yake ba ta kai waccan haɗari ba. Akwai wanda daga jin an ambaci guguwa a rediyo, tana can bayan Kap-Ber, sai barci ya ƙaurace masa. Yana cikin lazimi hannunsa na kan waya yana duban taswira, alhali cibiyar ba ta sabunta hasashenta sai bayan awa shida-shida. Ya soke komai tun saura kwana goma sha biyu, ya ɓata wa iyali rai, ya zubar da kuɗi, guguwar kuwa ta lanƙwasa arewa ta mutu a tsakiyar teku kamar yadda da yawansu ke yi. Hausawa sun ce ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari. Wannan shi ne bin sababin wahami, kuma alamarsa ita ce ba ya ƙarewa: in ya tsira daga guguwa zai koma tsoron jirgin kansa. Imamu Ƙushairi ya bayyana a Risalarsa cewa mazaunin tawakkali zuciya ce, motsin gaɓɓai ba ya warware shi. Ana iya juya maganar a ce rashin motsin gaɓɓai ma ba ya tabbatar da shi. Mutum biyu za su iya canja tikiti a rana guda, ɗaya zuciyarsa a kwance, ɗaya tana rawa. Haka mutum biyu za su iya hawa jirgi guda.

Abin da ya dace da mai tafarki, ke nan, tsari ne mai sauƙi ko da yake rai ba ya son sa. Ya nemi labari daga masu shi, ba daga jita-jitar WhatsApp ba. Ya yi shawara da matarsa, domin ita ma ranta ne, da wanda ya san ƙasar. Ya yi istihara, yana sane cewa istihara ba jiran mafarki ba ce, kuma ba a yin ta a kan abin da shari'a ta riga ta yanke, kamar shiga garin da aka ce kowa ya fita. Ya sa wa kansa rana da alama tun hankalinsa na kwance: in ranar kaza ta yi garin yana cikin mazurari, an ɗage. Amfanin sa alamar tun da wuri shi ne, in lokacin ya zo rai zai kawo hujjoji goma, kuma wanda bai ɗaure raƙuminsa tun da rana ba, ba zai ɗaure shi cikin duhu ba. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, wanda ya umarci balaraben ƙauye ya ɗaure taguwarsa sannan ya dogara, shi ne ya ɓuya kwana uku a kogon Saur, ya ɗauki ɗan jagora, ya bi hanyar gaɓar teku da ba a saba bi ba, ya kuma sa sulke biyu ranar Uhudu. Babu wanda ya kai shi yaƙini, babu kuma wanda ya kai shi shiri.

Kada kuma shirin ya zamo abin dogaro. A Oktoban 2023 guguwar Otis ta nufi Akapulko, garin masu hutu a gaɓar Meziko ta yamma. Hasashe bai nuna za ta yi wani ƙarfi na musamman ba. Cikin kimanin kwana guda ta tashi daga matsakaiciyar guguwa zuwa mataki na biyar, ta sauka cikin dare ran 25 ga wata, otel-otel cike da baƙi waɗanda ba su yi sakacin komai ba. Sun duba abin da ake dubawa, sun ji abin da ake ji. Annabi Yaƙuba, alaihis salam, ya umarci ƴaƴansa su shiga Masar ta ƙofofi daban-daban, a cikin numfashi guda kuma ya gaya musu wannan ba zai tunkuɗe musu komai daga Allah ba. Nana A'isha ta ba da labarin cewa in Manzon Allah ya ga hadari ko iska ta taso, ana ganin canji a fuskarsa, yana shiga yana fita, har sai ruwa ya sauka sannan ya saki, yana tuna Adawa da suka ga girgije ya nufo kwarinsu suka yi murna. Ya kuma hana zagin iska, ya koyar da a roƙi alherinta a nemi tsari daga sharrinta. Wanda ya fi kowa sanin Allah bai ɗauki iska abin wasa ba, balle ya mayar da rashin tsoronta alamar imani.

Wurin da tawakkali ya fi wuya yana zuwa ne bayan an gama yanke shawara. Mutum ya ɗage tafiya, ya yi asarar kuɗin otel na dare biyu, yara sun yi kuka. Sai guguwar ta kauce, ranar da ya kamata su sauka ga rana tana haskawa a Orlando, maƙwabcinsa da ya tafi yana turo hotuna. A nan ne Shaiɗan ke zuwa da kalmar «da na sani», wadda hadisi ya yi gargaɗi cewa tana buɗe masa ƙofar aiki. Amma kyawun shawara ana auna shi ne da abin da mutum ya sani ranar da ya yanke ta, ba da abin da ya bayyana daga baya ba. Sayyidina Umar bai san ko annobar za ta kama shi ba in da ya shiga Sham, kuma komawarsa daidai ce ko da an ƙaddara ba za ta taɓa shi ba. Maƙwabcin da ya tafi cikin gargaɗi ya dawo lafiya, Allah ne ya suturta shi, dawowarsa ba ta mayar da kasadarsa hikima ba, kuma abin tsoro gare shi shi ne ya ɗauki suturar a matsayin hujja ya sake yi baɗi. Shi kuma wanda ya bi duk matakan da suka dace, hasashe ya nuna hanya a buɗe, ya tafi, guguwa ta juyo ta rutsa da shi kamar mutanen Akapulko, babu zargi a kansa. Abin da ya rage masa a ɗakin otel ɗin shi ne ya cika duk abin da zai iya cikawa da ruwan sha, ya nisantar da yara daga taga, ya bi umarnin masu gari, ya riƙe wuridinsa a kan lokacinsa.